Jirgin Mocănița a Vișeu de Sus: kuɗin tikiti bai faɗi banza ba

Vișeu de Sus ƙaramin gari ne a tsaunukan Maramureș, arewacin Romaniya, dab da iyakar Yukren. Abin da ke jawo baƙi shi ne Mocănița, tsohon jirgin ƙasa mai tururi da ke bin gaɓar kogin Vaser a kan siririn layin dogo mai faɗin milimita 760. A 1932 aka fara shimfiɗa layin don fito da itatuwa daga daji, kuma har yau ana jigilar katako a kansa.

Da safe jirgin yake tashi, tafiyar hawainiya, kusan awa biyu kafin a kai Paltin, kilomita 21 daga gari. Itace ake cusa wa injin, a hanya kuma a tsaya a ba shi ruwa. Na zaɓi buɗaɗɗen tarago don in ga daji sosai, sai ga toka tana sauka kan hulata, sanyin kwarin kuma yana shiga har ƙashi duk da rani ne. A zo da rigar sanyi. A Paltin ana gasa nama, amma galibi na alade ne, don haka ni dai burodi da cuku na ci.

Inda mai yi mana jagora ya gaza shi ne tarihi. Da jimla biyu ya sallame mu, alhali a harabar tashar akwai Gidan Elefant, ɗan gidan katako na wani Bayahude ɗan kasuwar katako, Alexander Elefant, da yanzu aka mayar da gidan ya zama gidan tarihi. Hotuna ne da tsofaffin takardu na iyalan da suka rayu a garin. A 1940 yankin ya koma hannun Hangari. A 1944 aka killace Yahudawan garin da na ƙauyukan kewaye a unguwa guda, sannan a watan Mayu aka kwashe kimanin mutum 12,000 a jiragen ƙasa zuwa Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi na Jamus suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Yawancin fasinjoji suna sauka su nufi motocinsu, ko kallon gidan ba sa yi.

Mai lokaci ya ƙarasa Sighetu Marmației, tafiyar awa guda da 'yan mintoci, inda gidan Elie Wiesel yake, marubucin da ya tsira daga Auschwitz kuma ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1986. Tikitin jirgin kuwa a saya ta intanet tun da wuri, domin a Yuli da Agusta wurin zama kan ƙare.