Shekara ɗaya ina IT a banki a Bauchi, ga abin da na gani ga makin da na ba su

Salam jama'a. Tun da na gama IT, wato zuwa koyon aiki, ƙannenmu 'yan ND2 (shekara ta biyu ta difloma) suke ta damuna da tambaya, wai yaya aikin banki yake, wai da gaske ana biya, wai sai kana da hanya ake ɗaukarka, na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta kowa ya huta. Ni harkar banki da kuɗi na karanta a poli, kuma IT na shekara ɗaya nake magana wanda ake yi bayan ƙaramar difloma (ND) kafin a koma babbar difloma (HND), ba SIWES ba, wato ɗan gajeren koyon aiki na wata huɗu. Reshen wani banki ne a cikin garin Bauchi, ba zan kama suna ba don akwai abin da zan faɗa wanda ba yabo ba ne, kuma mutanen sun yi min mutunci.

Maganar shiga dai gaskiya sai da hanya. Na bi bankuna da takardata har takalmina ya suɗe, ko'ina maigadi ne zai karɓa ya ce za a kira ka, har yau ina jiran kiran. Daga ƙarshe wani abokin kawuna mai shagon atamfa a Wunti, wanda ya daɗe yana ajiya a wajensu, shi ya yi wa manaja magana, kwana uku aka ce in zo. Wannan a ƙarshen 2023 ke nan.

Ranar farko na ari kwat ɗin yayana na ɗaura nakatayi, a raina ina cewa yau zan fara ƙirga miliyoyi. Ina! Wani ɗan tebur aka nuna min kusa da ƙofa, aka miƙo min tarin fom da biro guda biyu. Ɗan IT ba a ba shi lambar shiga kwamfutar banki, ba ya taɓa kuɗi, ba ya leƙa ɗakin ajiyar kuɗi wanda dama sai mutum biyu sun haɗu yake buɗuwa, kowa da nasa makullin. Da farko abin ya ƙona min rai wallahi, na ce ashe dai ɗan cike fom aka ɗauko, amma daga baya na gane cewa yawancin abin da na koya a shekarar nan a kan teburin nan na koye shi.

Dalili kuwa, duk takardun banki da Turanci suke, mutanen da ke shigowa kuma rabinsu daga ƙauyukan Dass ne da Alƙaleri da Ganjuwa da Kirfi, Hausa kawai ko Fulatanci, wani ma ajami ya iya ba boko ba. Madam ɗin da ke kula da kwastomomi mutuniyar kirki ce amma Hausarta ba ta wuce "sannu" da "zauna" ba, sai na zama ni ne tafinta. Kuma na faɗa daidai lokacin da babban bankin ƙasa CBN ya ba da umarni a Disambar 2023 cewa kowane asusu sai an haɗa shi da BVN ko NIN, manyan asusu kuma duka biyun, wanda bai yi ba daga 1 ga Maris 2024 za a rufe masa. Kai! Layi tun daga cikin banki har titi. A nan na ga masifar da rubutun suna ke jawowa, mutum ɗaya a BVN Mohammed ne, a NIN Muhammadu, a katin zaɓe Mamman, ranar haihuwa kuma kowane kati da tasa, mafi yawa 1 ga Janairu saboda ita mai rajista ya ga dama ya sa. Kwamfuta ba ruwanta da cewa duk suna ɗaya ne. Sai ka zauna ka yi wa dattijo bayani cewa sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya je ofishin NIMC masu katin ɗan ƙasa a gyara, sannan ya dawo.

Akwai wani tsoho da ba zan manta ba, sau huɗu yana zuwa daga wajen Dass. A zuwa na uku ya dube ni ya ce, "Yaro, kuɗin nan nawa ne ko na gwamnati?" Na ce, "Naka ne Baba, ka yi haƙuri." Ya ce, "To ni da na sayar da saniyata, wace takarda na nema a wajen mai saye?" Ban da amsa wallahi. Ranar da asusun ya buɗe ya dawo da ƙwan zabi a leda ya ce lallai sai na karɓa, ni kuma an gargaɗe mu ba a karɓar komai daga kwastoma, sai da Madam da kanta ta ce in karɓa kar ransa ya ɓaci.

Abu na biyu da ya fi cika mana tebur shi ne "ATM ya cire bai ba ni ba" da "na yi tiransfa bai shiga ba". A ƙa'idar CBN in katin bankinku ne a injin bankinku bai kamata ya wuce awa 24 ba a dawo da kuɗin, in injin wani banki ne awa 48. A takarda ke nan. A zahiri na ga wanda ya yi sati biyu yana sintiri, kuma ni ne zan tsaya ina cewa netwok ne, alhali ni kaina ban san inda kuɗin ya maƙale ba. Wannan ɓangaren ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, zagin da ya kamata ya tafi hedikwata a kanka yake sauka.

Sai 'yan damfara. Yanzu da Hausa tsantsa suke kira, har da sallama da "Hajiya ina gajiya", su ce daga banki ne za a rufe asusunki sai kin karanto lambar da aka turo. Wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta karanto musu, kuɗin adashinta gaba ɗaya suka kwashe, ta zauna a ƙasa tana kuka a tsakiyar banki. Banki ba ya kiranka ya tambayi PIN ko OTP (lambar da ake turowa a waya) ko lambar bayan kati, don Allah ku gaya wa iyayenmu a gida, ni na faɗa har muryata ta dishe.

A watan Yunin 2024 da aka ƙwace lasisin Heritage Bank kuwa, 'yan kasuwa suka riƙa shigowa suna tambaya ko namu ma zai rushe. A aji mun karanta NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, don cin jarrabawa kawai, sai ga ni ina yi wa alhazai bayani cewa akwai inshora a kan ajiyarsu, kuma a shekarar an ɗaga ta daga naira 500,000 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci. Ranar ce na ji karatun ya yi min rana.

Wata shida na ƙarshe aka mai da ni maketin, wato yawon neman masu buɗe asusu. Mu cika jaka da fom mu nufi kasuwar Muda Lawal ko Wunti ko babbar kasuwa cikin ranar Bauchi da nakatayi a wuya. Amsa biyu muke samu. Matasa su nuna maka POS ɗin Moniepoint ko OPay su ce mu nan alat nan take yake shigowa me za mu zo yi a layinku, dattawa kuma su ce ba sa son kuɗin ruwa, in ma za su ajiye gara bankin da ba ya harkar ruwa, Jaiz da ya fara tun 2012 ko TAJ. Ni kaina Babanmu ya tsare ni a kan maganar ribar nan kafin in fara, sai da muka je wajen malaminsa, don haka ba na ganin laifin kowa. Ma'aikatan maketin kuwa ina tausayinsu, taget ake ɗora musu kowane wata, a mitin ɗin safe Oga ya tsayar da mutum a gaban kowa kamar ɗan firamare, kuma da yawansu ma ba ma'aikatan bankin ba ne kai tsaye, 'yan kwantiragi ne.

Abin da ya fi ba ni haushi, shekara guda ban taɓa ganin yadda ake tantance bashi ba, wanda shi ne asalin sana'ar bankin kasuwanci. Na roƙa ya fi sau biyar, kullum "sai an samu lokaci". Amma lokacin aikena sayo waina da yin fotokwafi bai taɓa ɓacewa ba. Ɗan alawus ɗin da suke bayarwa kuma keke daga unguwar Gwallameji zuwa cikin gari ne yake cinye shi, wani watan ma sai ya makara. Lokaci ma ba naka ba ne, kafin 7:30 kana ciki, a rufe ƙofa ƙarfe 4 amma ba mai tafiya sai lissafin kashiya ya daidaita, na taɓa ganin an zauna har bayan isha'i ana neman naira dubu biyar, daga ƙarshe yarinyar da ke kashiya daga aljihunta ta cika. Sallah dai ba a taɓa hana ni ba, har Juma'a, wannan kam na yaba musu.

Makina 3 da rabi cikin 5. In kuɗi kake nema je ka kama POS a bakin titi ya fi maka, in kuma so kake ka san yadda banki ke tafiya da yadda ake magana da mutumin da ransa ya ɓaci a kan kuɗinsa, to ka je, amma tun satin farko ka roƙi a rubuta maka sassan da za ka zagaya kar ka ƙare a tebur ɗaya kamar ni. Kuma ka sayi biro kwali guda ka ɓoye a jaka, don duk wanda ka ara wa ya sa hannu da shi yake tafiya, har Baban nan na Dass ya tafi da guda biyu.