Ofishin lauyar da ta sasanta mu kan riƙon yaran ƙanwata

Ƙanwata tana gama idda, tsohon mijinta ya aiko baffansa da saƙon cewa a haɗa wa yara kayansu, namiji mai shekara 8 da mace mai shekara 5, domin a cewarsa an daɗe da yaye su, kuma ɗa na uba ne. Tun rasuwar mahaifinmu ni ne waliyyinta, saboda haka a kaina maganar ta faɗo. Wani abokin aikina ya kwatanta mini ofishin wata lauya a Kano da ke zaman sulhu tsakanin ma'auratan da suka rabu kafin a kai ga sammaci, kuma a can muka yi zama 3 cikin mako 6.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne sanin da Barista ta yi wa fiƙihun Malikiyya, wanda da shi alƙalan kotunan Shari'a ke hukunci a wannan yanki namu. A zaman farko baffan yana jan carbi ya maimaita maganarsa ta cewa ɗa na uba ne, kuma ba ta katse shi ba har ya kai aya. Sai ta miƙa hannu ta ɗauko Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda bangonta ya sha salatif, ta ce, "Baffa, ku malamanmu ne, ku duba mana wannan wuri." Da bakinsa ya karanta cewa hadana, wato riƙon yara, ta uwa ce bayan saki, har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure mijinta ya tare da ita, kuma idan uwa ta rasu ko ta yi wani aure, kakar wajen uwa ce ke karɓa, sannan 'yar'uwar uwa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya rufe littafin, ya sa carbinsa a aljihu. Da a ce ni na faɗi wannan magana, da an ce son kai ne na kawu. Da ta fito daga littafin da shi kansa ya karanta a zaure tun yana saurayi, babu wanda ya sake tayar da ita.

Ba ta tsaya a ɓangarenmu kaɗai ba, kuma wannan ne ya sa na yarda da ita. Ta juya ga ƙanwata ta ce, "Hajiya, ki saurare ni da kyau, riƙo naki ne amma walicci na babansu ne." Ta bayyana mata cewa uba yana da ta cewa kan makarantar da yara za su yi da tarbiyyarsu, cewa hana shi ganinsu zalunci ne, kuma ranar da ta auri wani wanda ba muharramin yaran ba, haƙƙinta na riƙo zai iya faɗuwa ya koma wurin mahaifiyarmu. Ta ƙara da abin da ban taɓa ji ba, wato idan uba zai yi ƙaura ta zama zuwa garin da nisansa ya kai baridi 6, kimanin mil 72, malaman Malikiyya sun ba shi damar tafiya da yaran idan hanya da garin suna da aminci. Tsohon mijin ma'aikaci ne da za a iya mayar da shi Abuja kowane lokaci, don haka ƙanwata ta fito ranar idonta jawur. Duk da haka gara ta ji shi a ofis da ta fara jinsa a gaban alƙali.

A zama na biyu aka shiga lissafi, kuma nan ne na ga amfanin kuɗin da na biya. Ta ƙi yarda a rubuta cewa uba zai riƙa ganin yara "lokaci zuwa lokaci", ta ce irin wannan magana ce ke mayar da mutane kotu. Ta ciro kalandar bango ta shimfiɗa a kan tebur, aka bi ta da biro: Juma'a bayan la'asar zuwa Lahadi kafin magariba sau 2 a wata, ƙaramar Sallah a gidan uwa, babbar Sallah a gidan uba, dogon hutun makaranta a raba biyu. Aka rubuta wanda zai zo ɗaukarsu, da ranar biyan kuɗin ciyarwa, da cewa kuɗin makarantar boko da na Islamiyya da na asibiti duk a wuyan uba suke, ya biya makaranta kai tsaye ya aiko da rasit. Daga ƙarshe ta kai takardar kotun Shari'a aka shigar da ita a matsayin hukuncin sulhu, domin duk wanda ya saɓa, akwai inda za a kai ƙara. Ta kuma ja hankalinmu cewa wannan tsari na masu auren Musulunci ne. Waɗanda suka yi auren rajista, Babbar Kotu ce ke duba nasu a ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970.

Sai dai ofishin yana da gyara. Ɗakin jira ɗaya ne, mai benci biyu suna kallon juna, kuma a zaman farko mun fi awa 2 a zaune gwiwa da gwiwa da dangin mutumin da ya saki ƙanwata, babu wuta, babu fanka, kowa yana kallon ƙasa. Wurin da aikinsa ke nan kullum ya kamata ya san cewa mace mai sabon zawarci tana bukatar inda za ta zauna daban. Kuɗinsu ma ba na talaka ba ne, domin ya kusan cinye albashina na wata, kuma ba a faɗa mini kuɗin shigar da takarda a kotu daban yake ba sai a zama na ƙarshe.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yarjejeniyar da Turanci aka buga ta, alhali duk zaman da Hausa aka yi shi, kuma mai haƙƙin kanta Hausa da Larabci take karantawa. Magatakardan ofishin ya miƙa mata biro ya nuna inda za ta sa hannu, sai da na riƙe takardar na ce ba za a sa ba sai an fassara. Barista ta ba da haƙuri, amma fassarar ta ɗauki kwana 9, kuma da ta fito na tarar an manta da layin da ya yi maganar kuɗin asibiti, sai da na sake hawa benen nan aka gyara. Yanzu kwafin Hausar yana cikin adakar mahaifiyarmu, kuma shi ƙanwata ta ɗauko a watan jiya da direban uban ya zo ɗaukar yara ranar Alhamis maimakon Juma'a.