Abin da na gani bayan wata guda ina bin ƙwallo a ƙaramin rediyo

A farkon watan Janairun 2024, ana sauran kwanaki kaɗan a fara gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kwaddibuwa, na sayi ƙaramin rediyo a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, irin mai tocila a goshi da ƙaramin farantin caji da hasken rana a bayansa. Dalilina shi ne wutar unguwarmu ba ta da tabbas, kuma tayar da janareto na tsawon awa biyu domin wasa guda ya zama abin da magidanci zai yi lissafi kafin ya yi. Ina da talabijin da dikoda a gida, saboda haka na samu damar gwada hanyoyin biyu a gasa ɗaya.

Shi kansa rediyon bai ba ni kunya ba. Idan na bar shi a rana daga hantsi zuwa la'asar, yakan ɗauki wasa guda har da hutun rabin lokaci ba tare da murya ta yi ƙasa ba, kuma yana kama tashoshin FM na cikin gari sosai matuƙar an ja eriya. Aibinsa ɗaya shi ne maɓallin neman tasha yana da santsi, taɓawa kaɗan sai tashar ta zame.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin masu sharhin. Mai sharhi da Hausa ba ya tsayawa ga faɗin wanda ke riƙe da ƙwallo, yakan yi wa ɗan wasa kirari, ya yi wa mai tsaron gidan abokan hamayya ba'a, ya ja kalmar "raga" har numfashinsa ya ƙare, ta yadda mutum zai iya ci gaba da aikinsa a shago ko a kan babur kuma zuciyarsa tana filin wasa. Talabijin kuwa tana neman mutum ya zauna ya ba ta idonsa gaba ɗaya, sannan sharhin da ke zuwa da ita na Turanci ne, wanda dattawan majalisarmu ba su damu da shi ba.

Sai dai ranar 7 ga Fabrairu, a wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a birnin Bouaké, na gane iyakar rediyo. An ɗauke wuta tun kafin a koma daga hutu, don haka a rediyo na ji William Troost-Ekong ya ci wa Najeriya fenariti, kuma a rediyo na ji Victor Osimhen ya ƙara ta biyu ana dab da tashi. Muna cikin murna sai mai sharhi ya fara inda-inda, yana cewa alƙalin wasa ya tafi duba na'urar VAR mai maimaita masa bidiyon wasa, amma ya kasa gaya mana abin da ake dubawa. Bayan 'yan mintoci aka soke ƙwallon Osimhen, aka koma can ɗaya gefen aka ba Afirka ta Kudu fenariti saboda ƙetar da aka ce Alhassan Yusuf, ɗan Kano, ya yi wa Percy Tau, kuma Teboho Mokoena ya farke. Waɗanda suka kalla a gidan kallo sun ga maimaicin sau da yawa, kowa ya yanke hukuncinsa, ni kuwa washegari da aka zauna musu ba ni da ta cewa sai abin da wani ya gani ya faɗa mini. Ko bugun fenaritin raba gardama da mai tsaron gidan Najeriya Stanley Nwabali ya tare guda biyu, Najeriya ta yi nasara da ci 4 da 2, sai daga baya na gan su a waya.

A wannan dare kuma na lura cewa ihun gidan kallon da ke bakin layinmu yana riga muryar mai sharhi da daƙiƙoƙi kaɗan, abin da ya nuna mini cewa shi ma a ɗakin watsa shirye-shirye yake zaune yana kallon talabijin. Wannan ya bambanta da wasannin Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, inda mai sharhi ke zaune a cikin filin, ana jin ganguna da "Sai Masu Gida" a bayan muryarsa, kuma yawancin waɗannan wasanni ba a samun su a talabijin.

Wasan ƙarshe na ranar 11 ga Fabrairu tsakanin Najeriya da Kwaddibuwa na sayi man janareto na kalle shi da idona, na ga Troost-Ekong ya ci da ka, na ga Franck Kessié ya farke wa Kwaddibuwa, sannan Sébastien Haller ya ci mata ta biyu. Rediyon yana nan a shago, kuma duk ranar da Pillars ke wasa nakan fitar da shi rana tun da safe.