Riothamus ko Childeric: wa ya fi riƙe wa Rum amana a Gaul?

A shekarun 460 zuwa 470, daular Rum ta yamma na da abokan yaƙi biyu a arewacin Gaul, wato Faransa ta yau: Birtaniyawa ƙarƙashin shugabansu Riothamus, da ƙabilar Farankawa ƙarƙashin sarkinsu Childeric. Abokin gabansu ɗaya ne, ƙabilar Bisigot ta kudancin Gaul.

Riothamus ya amsa kiran Sarkin Rum Anthemius wajen shekarar 470. Marubuci Jordanes ya ce ya zo da mayaƙa 12,000 ta jiragen ruwa, suka sauka a yankin Bourges. Kafin dakarun Rum su iso, Euric, sarkin Bisigot, ya far musu a Déols, ya tarwatsa su, Riothamus ya tsere ƙasar Burgundiyawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, tun kafin yaƙin an kama wasiƙar Arvandus, babban gwamnan Rum a Gaul, yana zuga Euric ya kai wa Birtaniyawan hari. Mutanen da suka zo taimako ke nan aka sayar daga cikin gida.

Childeric kuwa bai yi nisa da gidansa ba. A 463 ya yi yaƙi a Orléans, inda Aegidius, kwamandan dakarun Rum a arewacin Gaul, ya karya Bisigot, kuma ƙarfin Childeric na nan a Tournai, cikin Beljiyam ta yau. Ɗansa Clovis ne ya murƙushe Syagrius, ɗan Aegidius, a Soissons a 486, ya gaje ƙasar.

A ganina Riothamus ya fi amana, don shi ya zuba jinin mutanensa saboda Rum, Farankawa kuma suka kwashe gadon.