Wesley da Rauschenbusch: gyaran aljihu ko gyaran tsari?

John Wesley, jagoran ɗarikar Kirista ta Methodist a Ingila a ƙarni na 18, kan yadda kowane mutum zai bi da kuɗinsa ya tsaya: nemi kuɗi iyakar ƙarfinka ba tare da cutar kowa ba, ka yi tattali, ka bayar.

Walter Rauschenbusch kuwa ya yi aikin faston Baptis a unguwar Hell's Kitchen ta New York daga 1886 zuwa 1897. Yawan jana'izar ƙananan yaran talakawa da ya riƙa yi ya sa ya ga sadaka kaɗai ba ta isa ba, albashi da dokar masana'antu ne ke da ciwo. Ni dai ra'ayin Rauschenbusch ya fi kwanta mini. Bisa irin wannan tunani, a 1908 majalisar coci-cocin Amurka ta nemi a hana sa yara aikin ƙarfi, a kuma ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya a mako.