Turaren lemo da ganye don bazara: wanne za ka saya?

Idan bazara ta kankama, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato, oud da almiski masu nauyi hawa kai suke yi, balle a cikin mota ko a sahun masallaci. Lokacin ne turaren lemo da ganyayyaki ke da rana. Amma kafin ka zaro kuɗi ka san halinsa: man ɓawon lemo saurin tashi gare shi, zafi kuma ƙara masa gudu yake. Abin dubawa shi ne me aka shimfiɗa a ƙarƙashinsa da zai riƙe ƙanshin.

Mafi araha shi ne 4711 na birnin Kolon a Jamus. Lemon tsami ne da lemon zaƙi da furen lemo, ga sanyi kamar ka fito daga wanka. Man ƙanshin cikinsa kaɗan ne, da wuya ya wuce awa ɗaya ko biyu. Na shafawa ne bayan wanka, a sake da la'asar.

Acqua di Parma Colonia, na Italiya, tun 1916 yake. Ya fi 4711 laushi da daɗewa saboda sandal da fure, sai dai tsadarsa ta fi daɗewarsa, a ganina.

Wanda zuciyata ta fi kwantawa da shi Eau Sauvage ne na Dior, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa a 1966. Lemon tsami ke fara dukan hanci, ɗoɗɗoya ta biyo baya, can ƙasa kuma saiwar jema ta zauna daram. Ita ce sirrinsa: bayan lemon ya tafi, sai a bar ka da ƙanshi busasshe mai tsabta da ba ya rikiɗewa idan gumi ya taɓa shi. Yana shiga ofis, yana shiga ɗaurin aure. A kula, ba shi ne Sauvage na 2015 mai shuɗiyar kwalba ba; wancan ya fi yaji da ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma a shago akan miƙo shi da zarar an ji sunan.

Mai son na'a-na'a ya gwada Herba Fresca na Guerlain, na 1999, mai ɗanyen ganye da koren shayi. Mata da maza duk suna sawa.

Kowanne ka zaɓa, kada ka yanke hukunci da shinshina murfi. Fesa a wuyan hannu, ka zaga kasuwa rabin awa, sannan ka sake shinshinawa. Idan ka saya, kada ka bar kwalbar a mota, rana na lalata man lemo da wuri.