Kwas ɗin Dawo da Makin Lasisin Tuƙi a Faransa: Ya Cancanci Kuɗinsa?

A Faransa lasisin tuƙi yana ɗauke ne da maki 12, kuma laifuffukan hanya suna zaftare su kaɗan-kaɗan har ranar da babu saura, sai hukuma ta soke lasisin. Tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 1992 da maki 6 kacal, amma direbobin manyan motoci suka toshe hanyoyin ƙasar suna zanga-zanga, kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta ninka adadin zuwa 12. Doka ta bar wa direba hanya guda da zai iya bi da kuɗinsa kafin abin ya kai ga sokewa, wato kwas ɗin wayar da kai kan kiyaye haɗurra, wanda kowa ya fi sani da kwas ɗin dawo da maki. Na halarce shi a ɗaya daga cikin cibiyoyi masu zaman kansu da hukumar yanki ta ba izini, kuma ra'ayina a kansa ya rabu biyu: maki dai ana samun su ba tare da wata tangarɗa ba, amma karatun da ake cewa shi ne dalilin taruwar bai kai yadda ake kururuta shi ba.

Abin da cibiyoyin suke sayarwa doka ce ta tsara shi, don haka iri ɗaya ne a ko'ina. Ana zama na awa 14 a cikin kwana 2 a jere, a ƙarshe a ba mutum takardar shaidar halarta, a mayar masa da maki har 4, muddin jimillar ba za ta haura iyakar da lasisinsa yake iya ɗauka ba. Makin suna fara aiki ne daga washegarin ranar ƙarshe, ko da sun ɗauki lokaci kafin su bayyana a kundin gwamnati, kuma sau ɗaya tak ake iya cin moriyar kwas ɗin a cikin shekara. Farashi kuwa ba a ƙayyade shi ba, kowace cibiya tana yanka nata, har a gari ɗaya ma ana samun bambanci mai yawa. Tun da maki 4 ɗin da mai tsada zai bayar su ne mai araha zai bayar, ban ga dalilin biyan kuɗi mai yawa ba. Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne tabbacin cewa zaman zai gudana, domin doka ta ce ajin kada ya gaza mutum 6 kuma kada ya wuce 20, saboda haka cibiyar da ba ta tara mutane ba takan ɗage zaman a ƙurarren lokaci, wanda kuma makinsa ya kusa ƙarewa ba shi da makon da zai yi asara.

Mu dai an tara mu ne a wani ƙaramin ɗakin taro na otal da cibiyar ta yi haya, aka jera tebura a zagaye yadda kowa yana kallon kowa. Masu jagorancin zaman su biyu ne kamar yadda doka ta tanada, masaniyar halayyar ɗan Adam da kuma ƙwararren mai horar da malaman tuƙi. Batun lokaci ba sa wasa da shi ko kaɗan. Ana sa hannu a takardar halarta safe da rana, kuma tun a zaman farko aka gaya mana cewa wanda ya makara ko ya fice kafin a tashi ba zai karɓi takarda ba, kuɗinsa kuma ya tafi. Wannan tsaurin ya burge ni, domin shi kaɗai ne abin da yake hana kwas ɗin zama ciniki tsagwaronsa. A kusa da ni akwai wani dattijo mai tuƙa motar rarraba kaya wanda ya zo da wasiƙar gargaɗi a ninke cikin aljihun rigarsa, lokaci-lokaci yakan zaro ta ya sake karantawa ya mayar. Maki 2 suka rage masa, kuma kusan duk waɗanda ya rasa kyamarorin auna gudu ne suka cinye su ɗaya bayan ɗaya a hanyar da yake bi kullum.

Ranar farko ta fi armashi. Malamin ya rubuta lissafi mai sauƙi a allo: motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, wadda take gudun 130 a babbar hanya kuwa tana cin mita 36, kuma direban da hankalinsa yake kan hanya yana buƙatar kimanin daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Sai ya ce kowa ya ƙiyasta daƙiƙoƙin da yake ɗauka idan ya sunkuya ya karanta saƙo a waya, ya ninka da kansa. Ya kuma nuna cewa idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota take ja bayan an taka birki ninkawa huɗu take yi. Babu sabon ilimi a ciki, amma jin sa a ɗakin da kowa yake da labarin tara a bakinsa ya sa ya zauna. Ita kuwa masaniyar ba ta yi wa kowa faɗa ba, tambaya kawai take jefawa ta bar mutane su yi gardama a tsakaninsu, kuma da yawa sun fara da zargin kyamara da gwamnati kafin su gangaro kan halinsu na fita a makare.

Rana ta biyu ce ta yi rauni. An maimaita abubuwa da yawa, hotunan bidiyon da aka nuna tsofaffi ne, kuma an ɓata lokaci mai tsawo a kan barasa da ƙwayoyi alhali yawancin waɗanda suke ɗakin gudu da waya ne suka kawo su. Bayan abincin rana wasu gyangyaɗi suka riƙa yi. Babu jarrabawa, babu tuƙi, babu wani ma'auni da zai nuna ko mutum ya ƙaru, don haka wanda ya saurara da wanda ya zauna yana kallon agogo maki ɗaya suke fita da shi. Da za a tambaye ni, sai in ce a raba ajin bisa irin laifin da ya kawo mutum.

Inda kwas ɗin ya biya kuɗinsa, a ganina, shi ne sa'ar da aka ware don bayanin wasiƙun ma'aikatar cikin gida da lokutansu, domin a nan ne direbobi suke faɗawa rami ba tare da sun sani ba. Maki ba sa fita a ranar da aka kama mutum, sai bayan an tabbatar da laifin, kuma biyan tara ɗaya ne daga cikin hanyoyin tabbatar da shi. Riƙe waya a hannu yayin tuƙi maki 3 ne, rashin ɗaura bel 3, keta jan danja 4, wuce iyakar gudu da kilomita 50 ko fiye 6, sannan laifuffukan da aka aikata a lokaci guda galibi ba sa kwashe fiye da 8. Idan maki suka sauko zuwa 6 ko ƙasa, ana aiko da wasiƙar gargaɗi mai lamba 48M. Idan suka ƙare, sai wasiƙar rajista mai lamba 48SI ta iso, kuma ita ce take kashe lasisin. Kafin isowarta, ko da kundin ya nuna sifili, kwas ɗin yana iya ceton mutum. Bayan an isar da ita kuwa, zuwa kwas ihu ne bayan hari. Ƙin zuwa gidan waya a karɓe ta ma ba dabara ba ce, domin idan wa'adin ajiya ya cika ana ɗaukar cewa an isar da ita.

Abin da yake biyo bayan wannan wasiƙa ya fi nauyi fiye da yadda mutane suke zato. Dole mutum ya miƙa lasisinsa ga hukuma cikin kwana 10, kuma sokewar ta shafi dukkan rukunan da yake da su, mota da babur da babbar mota, ba tare da la'akari da abin da yake tuƙawa lokacin laifin ba. Ba zai sami sabon lasisi ba sai bayan wata 6, ko shekara guda idan wannan ne karo na biyu a cikin shekara 5. Sai ya wuce gwajin likita da gwajin natsuwa da saurin amsawa, dukansu da kuɗin aljihunsa, sannan ya sake jarrabawar dokokin hanya. Wanda lasisinsa bai kai shekara 3 ba zai haɗa har da jarrabawar tuƙi. Sabon lasisin da zai samu na gwaji ne mai maki 6, kamar na wanda ya fara tuƙi jiya. Kamfanin inshora zai iya ƙara masa kuɗi ko ya soke yarjejeniyar, kuma wanda ya yi kasadar tuƙi a cikin wannan hali yana fuskantar ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 2 da tarar Yuro 4,500. Ga direban tasi ko na tirela wata 6 ba tuƙi yana iya nufin rasa aiki, domin babu wani sassauci da ake yi don dalilin sana'a. Idan aka ɗora wannan a sikeli da kuɗin kwas na kwana 2, babu abin tattaunawa.

Duk da haka ba kowa ne ya kamata ya saya ba, kuma a nan tallace-tallacen cibiyoyin ba sa faɗin gaskiya duka. Maki suna dawowa da kansu idan mutum ya kame: maki 1 da ƙaramin laifi ya ci yana komawa bayan wata 6, cikakken adadi kuma bayan shekara 2 ko 3 ba tare da sabon laifi ba, gwargwadon girman laifin. Tun daga 1 ga Janairu, 2024 ma wuce iyakar gudu da ƙasa da kilomita 5 ba ya cin maki, sai tara kawai. Mai maki 10 da ya biya kuɗin kwas 2 kawai zai samu, kuma ya rufe wa kansa ƙofa na shekara guda. Ya kamata a fara duba shafin gwamnati na Mes Points Permis a ga ainihin abin da ya rage. Sababbin direbobi nasu lissafin daban ne: suna farawa da maki 6 tun daga shekarar 2004, idan laifi ɗaya ya ci musu 3 ko fiye wasiƙar 48N tana tilasta musu yin kwas cikin wata 4 tare da damar neman a mayar musu da kuɗin tarar, laifi mai maki 6 a shekarar farko kuwa yana cinye makin duka a karo ɗaya.

Akwai wani abu da bai kwanta mini ba game da tsarin gaba ɗaya. Mai hali yana iya zuwa duk shekara ya sayi maki 4 ya ci gaba da halinsa, alhali mai ƙaramin albashi sai ya haɗa kuɗin kwas da asarar aikin kwana 2. Jamus ta fi tsauri a wannan fanni, domin a can ana tara maki ne har zuwa 8 kafin a ƙwace lasisi, kuma kwas ɗin sa-kai maki 1 kacal yake gogewa sau ɗaya a cikin shekara 5. Faransa ta zaɓi sassauci, sassaucin kuma ya haifar da kasuwa. Ga direban da makinsa suka sauko zuwa 6 ko ƙasa, musamman wanda sitiyari ne abincinsa, shawarata ita ce ya yi rajista tun kafin wata tarar ta iso, ya zaɓi cibiya mai izini da take cika ajinta, kuma ya adana takardar shaidar halarta da kyau har sai ya ga makin sun shiga kundi.